Idan Ƙullin Wasa Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: Matakan Fita Ba Tare da Ka Ɓata Wa Kanka Labari Ba

Dare uku ƙanena ya yi yana fama da bunsuru guda a cikin wasan Broken Sword, wanda masu buga shi da Faransanci suka sani da Les Chevaliers de Baphomet. Muna zaune a fadarmu ta Birni, tsohuwar kwamfuta bisa benci, butar shayi bisa gawayi, shi kuwa ya kafa wa allo ido. Duk sanda George Stobbart, jarumin wasan, ya nufi ramin da ke cikin kangon gidan sarautar Lochmarne, a ƙasar Ailan, sai bunsurun ya kai masa karo ya zube ƙasa. Ya miƙa wa dabbar duk abin da ke aljihunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ƙauyen ya sake tambayar kowa. A dare na uku ya ture linzamin gefe ya ce, "Yaya, wallahi wasan nan ya lalace, ko kuwa ni ne ba ni da kai."

Raina ya sosu da wannan magana, don yaron yana da kai, kuma wasan bai lalace ba. Amsar ita ce ka bar bunsurun ya tunkuye ka, kafin ya koma mazauninsa ka yi wuf ka danna wani tsohon ƙarfen noma da ke gefe. George zai tashi da gudu ya gusar da shi, bunsurun ya sake kawo karo, igiyarsa ta sarƙe. Tun daga farkon wasan har zuwa nan ba a taɓa neman saurin hannu daga mai wasa ba. An koya masa ya tsaya ya yi nazari, sannan rana tsaka aka canza doka ba a gaya masa ba. Wasan ya fito a 1996, kuma da kamfanin Revolution ya sake fitar da shi a 2009 sai da suka sauƙaƙa wannan wuri, saboda yawan waɗanda suka maƙale a nan.

Mu da muka tashi da kacici-kacici mun san sharaɗinsa. Idan aka ce maka "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", ko da ka kasa, da zarar an ce tsintsiya za ka ce ai kuwa haka ne, domin tsintsiyar na nan jingine a tsakar gida kana ganinta kullum. Kuma mun san abin da ake yi idan an kasa: a ba da gari, mai tambaya ya karɓa ya faɗi amsa, a wuce gaba, babu wanda ya ji kunya. Abin da nake so ka iya ke nan a wasannin kasada na nuna-ka-danna, wato waɗanda kake nuna abu a allo da kibiya ka danna, kana warware ƙulli bayan ƙulli don labari ya ci gaba: ka gane ƙullin da ya yi wuya bisa gaskiya da wanda aka yi maka ha'inci a cikinsa, ka kuma san lokacin ba da gari da girman garin da za ka bayar.

Kafin ka fara, san gidan da wasan ya fito

Yawancin tsofaffin wasannin da ke yawo a wayoyinmu da kwamfutocinmu daga gida biyu suka fito a Amurka, Sierra da LucasArts, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. A 1989 Ron Gilbert, mai tsara wasanni a gidan LucasArts, ya rubuta wata maƙala kan abin da ke ɓata irin waɗannan wasanni. Cikin abin da ya kawo akwai cewa kada a tilasta wa mai wasa ya mutu kafin ya san akwai haɗari, kada kuma a nemi wani abu daga gare shi alhali an rufe masa hanyar komawa ya ɗauko. Daga The Secret of Monkey Island na 1990 zuwa gaba, gidan LucasArts ya riƙe wannan ƙa'ida. Idan ka maƙale a wasansu, kwantar da hankalinka, amsar na nan a inda ƙafarka za ta iya kaiwa.

Gidan Sierra daban ne. Ɗauki King's Quest V, shi ma na 1990. A kusa da gidan burodi za ka ga kyanwa ta biyo ɓera, abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Idan ba ka jefe ta da tsohon takalmin da ka tsinta a hamada ba, ko da sanda, wasan ba zai ce maka uffan ba. Sai can gaba, an ɗaure ka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani masauki, ɓeran da ya kamata ya zo ya gwigwiye igiyar ba ya nan, shi ke nan. Haka kek ɗin da ka saya a gidan burodin: idan yunwa ta kama Sarki Graham, jarumin wasan, a kan duwatsu ka ba shi ya ci, ka kashe wasanka ba ka sani ba, domin da shi ake jifar dodon ƙanƙara a fuska. Mutum zai iya yin sa'o'i yana neman mafita a wasan da ya riga ya mutu.

Maganin wannan ajiya ce, kuma ba guda ɗaya ba. Duk sanda za ka bar wani yanki zuwa wani, buɗe sabuwar ajiya, kada ka rubuta bisa tsohuwa. Sa mata suna mai ma'ana, kamar "kafin hamada" ko "kafin hawan dutse, kek na nan". Duk abin da za ka ci, ka sha, ka bayar ko ka sayar, ajiye wasa tukuna. Mu a Damagaram ma muna da dalili na biyu, wanda duk mai tsohon batir ya sani: a zafin Afrilu da Mayu wuta na iya ɗaukewa kana tsakiyar aiki.

Mataki na farko: faɗi abin da ya tare ka da bakinka

Nemi kaye da bik. Wannan shi ne abin da na fi nanata wa yara, shi ne kuma abin da suka fi rainawa. Raba shafi gida uku. A na farko rubuta abin da kake so ka cimma yanzu, a na biyu abin da ya hana ka, a na uku kayan da ke aljihunka waɗanda ba ka yi amfani da su ba tukuna. Rubuta da Hausa, da jimla cikakkiya: "Ina so in shiga rami, bunsuru ya hana ni, an ɗaure shi da igiya."

Ka lura da abin da ya faru a wannan jimla. Kalmar igiya ta fito. Ƙanena kwana uku yana tunanin abin da zai ba bunsurun ya ci, bai taɓa tunanin tsawon igiyarsa ba, alhali duk yaron da ya taɓa ɗaure akuya a turke ya san yadda take naɗe kanta a jikin duk abin da ta samu. Sau da yawa ba amsar ce ta ɓace mana ba, tambayar ce ba mu tsayar ba. Idan kuma ka kasa cike gida na farko, wato ba ka ma san abin da wasan yake so ka yi ba, to koma wurin mutumin da ya ba ka aiki na ƙarshe ka sake jin bakinsa.

Mataki na biyu: share ɗaki

Yawancin tsofaffin wasannin an zana su ne a allo mai ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye. Maɓalli ko ƙusa na iya zama ɗigo uku ko huɗu, kuma a fuskar waya babban yatsanka ya rufe shi gaba ɗaya. Bi kowane wuri da kibiya a hankali, layi-layi daga sama zuwa ƙasa kamar mai shara, idonka na kan inda sunan abu yake fitowa. Ƙara hasken allo, kada ka yi wannan aiki a rana. Duba gefen allo na hagu da na dama, don wani lokaci akwai hanya a can da ba a zana mata ƙofa ba. Sabbin wasanni da waɗanda aka sabunta, irin Day of the Tentacle na 2016, suna da maɓallin da ke haska duk abin da ake iya taɓawa. Yi amfani da shi, wannan ba satar amsa ba ce.

Sannan ka sa jarumin ya duba kowane abu da ke aljihunsa, ka karanta abin da ya ce da kyau. Marubutan kirki a nan suke ɓoye alama. Idan ya ce sandar tana da ƙugiya a baki, ba don ado aka faɗa ba. Ka kuma sake zagaya mutane, domin bayan kowane ci gaba bakinsu na iya canzawa.

Mataki na uku: tambayi kanka ko da harshen wani aka ƙulla shi

Nan ne na fi jin takaici, nan ne kuma aka fi cutar da mu.

A Monkey Island 2 na 1991 akwai famfo a saman wata magangarar ruwa a tsibirin Phatt, ana so ka rufe shi. Amsar ita ce ka je wata mashaya a tsibirin Scabb inda biri yake kaɗa fiyano, ka soka ayaba a kan ɗan ƙarfen nan mai kaɗawa hagu da dama da makaɗa ke auna kiɗa da shi, birin ya bi ta da ido har ya sandare, ka sa shi a aljihu, ka je ka murɗa famfo da shi. Dalili ɗaya ne tak: a Ingilishin Amurka akwai wata sifana da ake kira monkey wrench, wato sifanar biri. A Faransanci babu biri a sunanta. A wurin makanikanmu kile ce kawai. Yaron da ya yi lekwal a Zinder, komai kaifin basirarsa, ba shi da hanyar da zai bi ya kai ga wannan amsa.

A Day of the Tentacle na 1993 ana bukatar hadari da tsawa. Yadda ake samu shi ne a wanke wani keken doki mai datti, saboda Amurkawa na da wata magana cewa duk ranar da ka wanke motarka ranar ake ruwa. Mu da muke jiran damina da addu'a, muke sayen ruwa a hannun ƴan ga-ruwa, wa zai kawo wannan a ransa? King's Quest na farko, na 1984, ya fi su duka tsanani. Wani tsoho wada zai ce ka canki sunansa, dama uku kawai. Sai ka san tatsuniyar Turai ta Rumpelstiltskin (a wasan Rumplestiltskin aka rubuta), sannan ka juya jerin baƙaƙen boko gaba ɗaya, A ta zama Z, B ta zama Y, ka rubuta Ifnkovhgroghprm. Ko ƴaƴan masu harshen sun sha wuya a nan, har da aka sake gina wasan a 1990 aka sassauta.

Ga yadda za ka gwada. Ɗauki kayan da suka daɗe a aljihunka ba su yi aiki ba, ka nemo sunan kowanne da Ingilishi ko da kana buga wasan da Faransanci. Haka ma abin da ya tare ka. Haɗa sunayen biyu-biyu ka duba a ƙamus ko akwai wata magana da ta haɗa su. Idan a ScummVM kake wasa, wato manhajar da ke buɗe tsofaffin wasanni a waya ko kwamfuta, kuma kwafinka na da harshe fiye da ɗaya, sauya zuwa Ingilishi na ɗan lokaci ka sake duba kayan, don fassara kan kashe wasan kalma. Idan ka ga alamar ƙullin irin wannan ne, kada ka ƙara ɓata dare a kansa. Tsallaka kai tsaye zuwa ba da gari.

Mataki na huɗu: gwada komai da komai, amma da tsari

Kowa na yin wannan idan ya gaji, sai dai yawanci a hargitse, a maimaita abu ɗaya sau biyar a tsallake wanda ake nema. Fara da haɗa kayan aljihu da junansu. Sannan ɗauki abu ɗaya ka gwada shi a kan duk abin da ke ɗakin da ka maƙale, ka sa alama a kaye, ka ɗauki na gaba. Kasa kunne ga amsar jarumin. Idan kullum yana cewa abu ɗaya, sai a wani haɗi ya faɗi wata magana daban, ko da ƙi ya yi, tsaya a nan, ka kusa. An rubuta masa wannan jimla ta musamman ne saboda marubucin ya san mutane za su biyo ta wurin.

Ka tuna da bunsuru kuma: idan wani abu a allo yana motsi yana komawa, mai gadi ya juya baya, kare ya sunkuya cin abinci, gwada danna wani wuri a daidai wannan taƙin.

Mataki na biyar: shayi uku, sannan ka tashi

Ma'aunina ke nan. Idan aka dafa na farko, aka sha na biyu, aka sauke na uku ban motsa daga inda nake ba, na rufe kwamfuta. Sau da dama amsar kan zo mini washegari a bayan kabu-kabu, ko ina tafiya Kasuwar Dole. Idan ba ta zo ba, ba wa wani labarin matsalar, musamman wanda bai taɓa buga wasan ba. Ƙanwarmu da ba ruwanta da wasan kwamfuta ta taɓa warware mana wani ƙulli da tambaya ɗaya: "Yaya, to me ya sa ba za ku mayar wa mutumin abinsa ba?" Mu mun saba da cewa duk abin da ya shiga aljihu namu ne, ita kuwa ta yi tunani irin na mutane.

Mataki na shida: ba da gari, ƙarami tukuna

Ka san wani abu game da zamanin da aka yi waɗannan wasanni. Kamfanonin suna sayar da littattafan amsa daban, kuma a Amurka suna da layukan tarho da ake biya minti-minti don a ji mafita. Kamfanin Infocom har da littafi mai ɓoyayyen tawada ya yi, sai ka goga wani alƙalami na musamman amsar ta bayyana layi bayan layi. Ke nan waɗanda suka fara buga wasannin nan ma ba su kaɗai suka gama su ba. A ganina, wanda ya ƙi neman taimako har ya jefar da wasa mai daɗin labari ya fi asara a kan wanda ya leƙa layi ɗaya ya ci gaba.

Abin da ake gudu shi ne ka je neman amsa ɗaya idonka ya kwaso goma. Hanya mafi kyau ita ce ka sa wani ya karanta maka, kai kana nesa da allon, ka riƙa tambayarsa daga ƙaramin gari zuwa babba. Fara ba shi Mirriya: "Abin da nake bukata yana aljihuna, ko babu?" Ya ce i ko a'a, ya yi shiru. Koma ka gwada. Idan ba ta ɓulle ba, ba shi Magarya: "A wane wuri amsar take?" Sannan Matamaye: "Wane abu ne?" Sai duk waɗannan sun kasa za ka ba shi Damagaram ɗungurungum ya karanta maka yadda ake yi. Mafi yawan lokuta tambayar farko ta wadatar, domin sanin cewa ba ka rasa komai ba kan mayar da hankali wuri ɗaya.

Idan kai kaɗai ne, akwai shafin Universal Hint System da Ingilishi, wanda aka tsara a kan wannan hanya: ka zaɓi tambayarka, ka buɗe alama ɗaya, ka tsaya, sai ka so ka buɗe ta gaba. Da Faransanci, rubuta sunan wasan, sunan wurin da ka maƙale, da kalmar indice. Kalmar soluce cikakkiyar amsa take kawowa daga farko har ƙarshe. Idan ita ka samu, kada ka gangara da yatsa, yi amfani da neman kalma a cikin shafi ka faɗa daidai wurin, ka rufe ƙasan allon da tafin hannu. Bidiyon YouTube shi ne zaɓi na ƙarshe: yana cin forfe, kuma hotunan da ke gefe kaɗai sun isa su tona maka ƙarshen labari.

Bayan ka ga amsar

Tsaya ka saurari abin da bakinka ya fara faɗa. Idan "kash, ai kuwa!" ka ce, ƙullin na gaskiya ne. Koma ka nemo alamar da ka tsallake, ka rubuta irinta a kaye, don mai wasa ɗaya yakan maimaita salonsa. Idan kuwa "ta yaya?" ka ce, to laifin ba naka ba ne.

Misalin da ya fi shahara a nan shi ne Gabriel Knight 3 na 1999. Ana so ka yi hayar babur a ƙauyen Rennes-le-Château na Faransa da fasfon abokinka Mosely. Sai ka manna salatif a bakin wani rami a jikin rumfa, ka fesa wa baƙar kyanwa ruwa ta ruga ta cikin ramin, gashinta ya maƙale a salatif, ka shafa ruwan zaƙi mai danƙo a leɓe ka liƙa gashin ya zama gashin baki. Shi Mosely ba shi da gashin baki ko ɗaya, don haka sai ka ɗauki alƙalami ka zana masa a hoton fasfon. Babu mai hankalin da zai shirya wannan a ransa. A shekara ta 2000 Erik Wolpaw ya yi rubutu a shafin Old Man Murray ya kafa hujja da wannan ƙulli cewa irin waɗannan wasanni su suka kashe kansu. Duk da haka labarin wasan yana da zurfi, kuma na san waɗanda suka bar shi tun a ranar farko ta labarin saboda kyanwa.

Ƙa'idata ita ce, idan wasa ya sa na ce "ta yaya?" sau uku, na rage masa haƙuri daga shayi uku zuwa ɗaya. Idan labarin ma bai riƙe ni ba, na goge shi na ba wani wuri.

Ga wanda zai fara, ko mai son jawo ƙanensa, kada a fara da King's Quest. Machinarium na 2009, daga kamfanin Amanita na ƙasar Cek, ba shi da magana ko rubutu, da hoto ake komai, don haka matsalar harshe ba ta taso ba, kuma a cikinsa akwai ƙwan fitila mai ba da alama da littafin amsa da sai ka ci wani ɗan wasa yake buɗewa. Return to Monkey Island na 2022 yana da jerin ayyuka da littafin alamu a aljihun jarumin, mai ba ka kaɗan-kaɗan. Wanda ba shi da kuɗin saye ya sauke ScummVM a waya ko kwamfuta, ya ɗauki Beneath a Steel Sky na 1994, wanda masu shi suka sake shi kyauta tun 2003. A wannan ana mutuwa a wasu wurare, saboda haka a riƙa ajiya.

Ƙanena a daren nan Mirriya kawai ya ba ni. Na ce masa babu abin da ya rasa a aljihu, kuma ya daina kallon bakin bunsurun ya kalli wuyansa. Ya yi shiru, ya bar George ya sha karo sau biyu yana lura da inda igiyar take tsayawa. A na uku hannunsa ya kai kan ƙarfen noman kafin dabbar ta juya. Ya ɗago ya ce, "Yaya, zuba mini na biyu," ya gangara cikin ramin.